Teku, Damina da Kifi: Abin da Masana Suka Gano Game da Ruwanmu



Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen teku, alhali kuwa daga Sharaɗa zuwa bakin teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 700, kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganinsa ba sai a majigi? Dalilina shi ne, harshen da nake koyarwa ya ajiye tarihin ruwa da rashinsa fiye da yadda ake zato. Bahaushe ba ya barin babbar yunwa ta wuce bai raɗa mata suna ba. Wadda aka yi a 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1927 ita ce 'Yar Buhu. Mutanen Maraɗi kuwa suna kiran ta 1984 El Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta. Sunayen suna nan, amma suna ba ya faɗin dalili. To, tun da shi Bahaushen ne ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya kamata mu bi sawun waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu wajen neman abin da ya tsamar da shi, mu ga inda binciken ya kai su, sa'an nan mu dawo gida, bakin kogin Challawa.

Laifin da aka ɗora wa makiyayi

Shekarun 1950 da farkon na 1960 shekarun albarka ne a ƙasar Hausa. Damina tana cika, dalar gyaɗa tana tashi a Kano. Daga 1968 sai al'amari ya juya. A 1973 ruwan da aka auna a Kano bai wuce wajen rabin abin da aka saba samu ba, dabbobi suka mutu, 'yan ci-rani daga arewa suka cika gari. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta ƙarasa abin da fari ya bari, har injinan matsar mai suka rasa abin matsa.

Da duniya ta tambayi dalili, amsar da ta fi karɓuwa ta fito ne daga wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, a 1975. Ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa, mutane suka sare itace, ƙasa takan zama fara fat, ta riƙa mayar da hasken rana sama maimakon ta riƙe zafinsa. Iskar da ke bisanta sai ta yi sanyi ta sauko, hadari kuwa ba ya haɗuwa sai iska tana hawa. Magana ce mai ma'ana, kuma mai ita ba ƙaramin malami ba ne. Amma da ta fita daga hannun masana ta shiga ofisoshi, sai ta zama tuhuma. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977, da kuma rahotannin da suka biyo baya, manomi da makiyayi su ne masu laifi. Watau wanda yunwa ta kashe wa shanu shi aka ce ya kori ruwa.

Peter Lamb da littattafan matuƙa jirgi

A daidai wannan lokaci akwai wani saurayi mutumin Niyu Zilan, Peter Lamb, yana karatun digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, a hannun wani malami mai suna Stefan Hastenrath. An haife shi a 1947, ya fara da ilmin labarin ƙasa a Jami'ar Canterbury ta ƙasarsu, ya kuma kammala digirin nasa a 1976. Kowa yana duban ƙasa, shi sai ya juya ya dubi teku.

Kafin mu gane abin da ya yi, sai mun tuna yadda damina take zuwa mana. Iska biyu ke gasa a kan ƙasar nan. Akwai ta arewa maso gabas, busasshiya, wadda muke kira hunturu. Akwai kuma ta kudu maso yamma, wadda ke tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da laima. Inda suka haɗu, bari mu kira shi magama. Magamar nan ba a wuri ɗaya take tsaye ba. Tana hawa arewa da bazara, ta kai maƙurarta a watan Agusta, can gaba da Agadas, sa'an nan ta juyo. Ruwa ba ya zuba a kan magamar kanta, sai a bayanta ta kudu, inda iska mai laima ta yi kauri. Saboda haka idan magama ta yi nisa arewa, Kano da Katsina da Damagaram sukan sha ruwa su ƙoshi. Idan kuwa ta yi nawa ko ta tsaya a hanya, sai shuka ta ƙone. Manomi ya san wannan ba tare da taswira ba, shi ya sa yake lura da juyawar iska da bazara. Tambayar Lamb ita ce, me ke jan magamar, me kuma ke riƙe ta?

A zamanin nan ba a da ma'aunai barkatai cikin teku, taurarin ɗan'adam kuma ba su daɗe da fara aiki ba. Abin da ake da shi, littattafan matuƙa jiragen ruwa ne. Tun ƙarni na goma sha tara al'adar jiragen fatauci ce a jefa guga a ɗebo ruwan teku, a tsoma ma'aunin zafi, a rubuta abin da ya nuna, tare da inda iska ta fito da ƙarfinta. Matuƙan da suka yi wannan aiki ba su san Kano ba, ba kuma dominmu suka yi ba. Lamb ya bi waɗannan alƙaluma na wajen shekara sittin, ya ware shekarun da damina ta yi kyau a kudancin Sahara da waɗanda ta ɓaci, ya kwatanta halin teku a kowane kashi. A 1978 ya buga sakamakon cikin maƙaloli biyu, ɗaya daga cikinsu ta ɗora 1967 mai ruwa a gefen 1968 mai fari. Abin da ya gani shi ne, a shekarun fari ruwan Atlantika na wajen kudu yakan fi yadda aka saba ɗumi, na arewa kuwa ya fi sanyi, sai layin hadari ya tsaya kudu da inda ya saba kaiwa da ɗaruruwan kilomita. A taƙaice, hadari yana karkata ne wajen da ɗumi yake. Idan ɗumin ya koma kudu, rabonmu ya zuba a teku.

Abin da ya fi burge ni a aikin mutumin nan ba wannan gano ba ne kaɗai, naci ne. Ya haɗa alƙaluman tashoshin auna ruwan sama na Afirka ta Yamma ya mayar da su ma'auni guda, yana ƙara masa shekara a kan shekara. Da aka sami ɗan sauƙi a 1974 da 1975, mutane da yawa suka ɗauka fari ya wuce, masu ba da agaji suka naɗe tabarma. A 1982 Lamb ya rubuta a mujallar Nature cewa farin bai tafi ba, yana nan, domin ma'auninsa bai koma inda yake a shekarun 1950 ba. Shekara ɗaya tak bayan haka aka shiga 1983, sa'an nan 1984, wadda ta fi 1973 muni a wurare da yawa. Daga 1991 ya koma Jami'ar Oklahoma yana shugabantar wata cibiyar nazarin yanayi, ya kuma horar da ɗalibai 'yan Afirka, cikinsu har da Issa Lélé na Nijar, wanda suka buga nazari tare a 2010 a kan ita wannan magama. Ya rasu a 2014. Kusan shekara arba'in ke nan a kan tambaya guda.

Waɗanda suka zo bayansa sun faɗaɗa zancen. A 1986 masana uku na ofishin yanayi na Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa ba Atlantika kaɗai ba ce: duk lokacin da tekunan kudancin duniya, har da Tekun Indiya, suka fi na arewa ɗumi, damina takan yi rauni a nan. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka yi gwajin da ya kusa rufe gardama. Suka ba kwamfuta mai kwaikwayon yanayi zafin tekunan duniya kawai, daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata kome game da saran itace ko yawan shanu ba, sai ga shi ta fitar da albarkar shekarun 1950 da farin na 1970 da 1980. Wannan bai mayar da maganar Charney banza ba. Halin ƙasa yana ƙara wa fari tsanani. Amma ƙari dabam, tushe dabam.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mutanen Sharaɗa da Bompai su ji. Masana da yawa a yau suna ganin cewa ɗaya daga cikin abubuwan da suka sanyaya arewacin Atlantika a waɗancan shekaru shi ne hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da ƙurar farar wuta daga ƙona kwal, wadda ke tare hasken rana. Da ƙasashen nan suka kafa dokokin tsabtace iska, ƙurar ta ragu, tekun ya ɗumama, damina kuma ta fara farfaɗowa daga shekarun 1990. Idan haka ne, to bututun hayaƙin wata ƙasa yana da hannu a mutuwar saniyar Bafillatanin da aka ce shi ya jawo.

Kifin da ke hawa kogi

Ina kifi a cikin wannan? Kifi shi ne shaidar da ba ta ƙarya, domin ba ya iya gudu daga ruwa.

Mu ɗauki Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Kusan kashi casa'in cikin ɗari na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logon yake zuwa, su kuwa daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru suke tasowa. A 1973 tafkin ya rabu biyu, ba da daɗewa ba ɓangaren arewa ya ƙafe, a tsakiyar shekarun 1980 kuma abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. An yi dace akwai masu lura tun kafin abin ya faru: masanan hukumar binciken Faransa mai suna ORSTOM a Fort-Lamy, wadda ta zama Njamena, da kuma tashar binciken kifi ta Nijeriya a Malamfatori.

Kifin da suka fi bin diddiginsa shi ne shemani, wanda mutanen Chadi ke kira salanga, ake busar da shi a rana. Shemani ba mazaunin wuri ɗaya ba ne. Idan kogi ya fara kawowa, manyansa sukan bar tafki su hau Shari da Logon su zuba ƙwai. 'Ya'yan sukan shiga manyan fadamun arewacin Kamaru da ambaliya ta rufe, su yi kiwo cikin ciyawa, su yi ƙiba, sa'an nan idan ruwa ya fara janyewa su gangaro ta kogin El Beid su koma tafki. Vincent Bénech da Jacques Quensière sun nuna cewa yawan 'ya'yan kifin da ke gangarowa yana bin girman ambaliyar wannan shekara. A 1972 da 1973 fadamun ba su cika ba, saboda haka zuriyar shekara biyu ta salwanta. Kifayen sararin ruwa irin su giwan ruwa da tsage da shemani suka ja baya, masu jure tabo da ƙarancin iskar shaƙa irin su tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa suka gaje wurin.

A nan akwai abin lura ga ma'aikaci. A farkon farin, kamun kifi bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, domin ruwa ya tsuke, kifi ya taru wuri ɗaya, kowa ya jefa koma ya cika. Motocin banda suka yawaita a hanyar Baga zuwa Maiduguri. Wanda ke zaune a ofis yana ƙidayar buhuna zai rubuta cewa sana'ar su ta bunƙasa, alhali uwar kuɗi ake ci. Irin wannan ruɗi na gajeren lissafi shi ya sami Shirin Noman Rani na Kudancin Chadi, wanda aka tsara bisa ga cikar tafkin ta shekarun albarka. Kafin a ci moriyarsa sosai, ruwa ya janye ya bar magudanar a tudu.

Wannan labari yana da ɗan'uwa a can gaɓar yammacin Amurka, inda ake da kifin da ake kira salmon. Shi a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, bayan 'yan shekaru ya komo kogin da aka haife shi ya zuba ƙwai ya mutu. Nathan Mantua, wanda ya tashi a wani garin masunta na Kalifoniya mai suna Bodega Bay, ya kammala digirin digirgir kan ilmin yanayi a Jami'ar Washington a 1994. A 1997 shi da Steven Hare da wasu abokan aiki uku suka ɗora alƙaluman kamun salmon a kan na zafin Tekun Fasifik, suka ga tekun yana da wani juyi mai ɗaukar shekara ashirin zuwa talatin: ya juya a wajen 1925, ya sake a 1947, ya kuma sake a 1977. Bayan juyin 1977 salmon ya yi albarka a Alaska, ya kuwa yi ƙaranci a kudu, wajen Washington da Oregon. Masu madatsun ruwa da sun so a tsaya nan, a ce laifin teku ne. Mantua bai tsaya ba. Madatsar Grand Coulee da aka kammala a kan kogin Columbia a 1942 ba a bar wa kifi hanyar wucewa ba, wannan kuwa ba teku ya yi ba. Abin da shi da Robert Francis suka ba da shawara a 2004 shi ne, tun da ba mai iya riƙe teku, sai a kiyaye koguna iri-iri da zuriyar kifi iri-iri, domin idan mummunan zamani ya zo, ya ci wasu ya bar wasu.

Daga Sharaɗa zuwa Nguru

Yanzu sai mu dawo gida. Kogin Challawa yana haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa, su wuce Wudil, su zama kogin Haɗeja, su bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya bi ta Gashuwa ya zama Komadugu Yobe ya nufi arewacin Tafkin Chadi. Kifin wannan kogi ma da ambaliya yake haihuwa. Hannu uku ne a kansa.

Na farko shi ne na teku, wanda muka yi bayani. Na biyu na madatsu ne. An kammala Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, watau a tsakiyar fari, aka kuma kammala madatsar Challawa ta Ƙaraye a 1992. Ba na cikin masu zagin Tiga. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da ruwan famfon birni duk albarkacinta ne, kuma ita kanta ta zama matattarar masunta. Amma madatsa tana sauya halin kogi: ta danne babbar cikowar Agusta da Satumba, ta riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani. Fadamun da ambaliya ke rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960 sun koma ƙasa da 1,000 a wasu shekarun 1980 da 1990. Ruwan da ba ya ƙafewa da rani kuma ya ba ciyawar kacala dama ta toshe hanyoyin ruwa. Da yake fari da madatsa tare suka zo, kowanne ya sami wanda zai laɓe a bayansa.

Hannu na uku namu ne, mu mutanen birni. Dagwalon masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Challawa. Na rukunin Challawa kai tsaye yake shiga kogin. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara ya taru a dam ɗin Wasai, inda ake su, ake kuma ban-ruwan lambu a hanya. Jima sana'ar Kano ce tun kaka da kakanni, amma majemin gargajiya da bagaruwa yake aiki, masana'anta kuwa da gishirin kuromiyom, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta cikin laka. Nazarce-nazarce da dama da aka yi a jami'o'inmu sun sami wannan ƙarfe da dalma a cikin ruwan da lakar da naman kifin waɗannan wurare. Masaƙu da yawa sun rufe tun daga shekarun 1990, amma jima tana nan. Kuma hannu na uku yana aiki ne tare da na farko: a shekarar ruwa kogi yakan surka dagwalon ya tafi da shi, a shekarar fari kuwa gubar ɗaya ce amma ruwan surkin ya ragu. Mun saba da damina mai ƙarfi a 'yan shekarun nan, har ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa a 2022, madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri a Satumbar 2024. Wanda ya auna ƙazantar Challawa a irin waɗannan shekaru ya ce da sauƙi, kuskurensa ɗaya da na mai ƙidayar buhunan banda.

Yaya za a rarrabe hannuwan nan uku, a san rabon kowanne? Hanyar Lamb da Mantua ita ce doguwar ƙidaya wadda ba ta yankewa. Kano tana da alƙaluman ruwan sama tun 1905, wannan kuwa dukiya ce da garuruwa kaɗan ke da irinta a yankin nan. Abin da ake bukata a gefenta shi ne tsawon ruwan kogi a Tamburawa da Wudil kowace rana, da abin da ke fita daga bakin kowace magudanar masana'anta kowane wata, da irin kifin da ake saukewa da nauyinsa, ba yawan buhu kaɗai ba. Aiki ne na ƙaramin ma'aikaci mai littafi da alƙalami, irin na matuƙin jirgi da gugansa, kuma shi ne aikin da ake fara yankewa idan kasafin kuɗi ya yi ƙaranci.

Akwai kuma rabon ɗaliban Hausa a ciki. Inda littafin ofis ya yi giɓi, bakin masunci yana iya cikewa. Ku je Wudil da Tamburawa da Wasai, ku zauna da Sarkin Ruwa da dattawan masunta, ku rubuta sunan kowane kifi da suka sani: yauni, faliya, ƙurungu, ragon ruwa, minjirya, kawara. Ku tambaye su wanne ake kamawa kafin a yi Tiga, wanne ya ɓace a shekarar fari ya dawo da ruwa ya dawo, wanne kuma ya tafi bai komo ba ko da damina ta gyaru. Sa'an nan ku karanta wa 'ya'yansu masu shekara ashirin jerin sunayen, ku sa alama a kan duk wanda suka ji a baki amma ba su taɓa cirowa daga koma ba.